GYARAN KEBUR MAI AIKI CIKIN RUWA

Jama'a manoma, ga kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, hunturu ya kama. Yanzu hankalin kowa ya koma bakin ruwa, wani da garma da irin albasa, wani da kwalekwale da kalli. Don haka darasinmu na wannan mako a kan wani ƙaramin abu ne wanda ke iya tsai da babban aiki, watau kebur ɗin da ke zama cikin ruwa. Za mu fara da na na'urar gano kifi, sa'an nan mu koma kan na famfon ban ruwa, domin ciwonsu ɗaya ne, maganinsu ma kusan ɗaya.

DALILIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Duk wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Dambatta, ko Bichi, ko Minjibir, ya san ƙasar nan ba ta da fili na banza. Gona na jingine da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an kai taki an sake nomawa. Damina kuwa wata huɗu ce ko biyar. Mutumin da gonarsa ba ta kai eka biyu ba, ba zai ci da iyali shekara guda da noman damina kaɗai ba, sai ya haɗa da sana'ar rani.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne madatsun ruwa. Audu Baƙo, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin tare ruwa da gaske. An gama Tiga a 1974. A nan arewa kuma aka sami Tomas a ƙasar Dambatta da Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir a 1976, daga baya Watari a Bagwai da Gari a ƙasar Kunci suka biyo wajen 1980. Tun daga nan manoma da yawa suka zama masunta da rani, suna kamo karfasa da tarwaɗa da ƙurungu, wasu kuma suka kama noman tumatir da albasa da alkama.

Madatsun nan yanzu sun haura shekara arba'in. Kowace damina ruwa yana kwaso yashi da laka daga gonaki ya zuba a ciki, zurfi yana raguwa, inda kifi ke taruwa yana sakewa. Na'urar da za mu yi magana a kanta ita ke faɗin zurfin ruwa, ta nuna ƙasan tafki, ta nuna inda kifi yake. Masu awon madatsai da masu binciken kifi suna aiki da irinta. Ba ta yawaita a kwalekwalenmu ba tukuna, amma ƙananan da ke aiki da batir mai bolt 12 suna samuwa, ƙungiyar masunta tana iya haɗa kuɗi ta saya. Wanda ya saya kuwa lalle ya san gyara, domin daga ƙasashen waje ake kawo ta, kayan canjinta ba su samuwa a kasuwar ƙauye.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Kowa ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ya ji muryarsa ta dawo masa. To, wannan ita ce dabarar duka. Na'urar kashi uku ce. Akwai akwati mai allo wanda ke cikin kwalekwale. Akwai wani ɗan dunƙule kamar ƙwan agwagwa wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashin ruwa, mu kira shi kunne, ko da yake shi ne bakin kuma. Sa'an nan akwai kebur da ya haɗa su.

Cikin kunnen akwai ɗan faifai na wani irin gasasshen yumɓu. In wutar lantarki ta buge shi sai ya girgiza ya fid da ƙara. In ƙara ta buge shi kuma sai ya fid da wuta 'yar kaɗan. Wasu 'yan'uwa biyu na Faransa, Pierre da Jacques Curie, su suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu a 1880. Bayan jirgin Titanic ya nutse a 1912 masana suka tashi neman hanyar gani cikin ruwa da ƙara. A 1948 wasu 'yan'uwa biyu na Nagasaki a Japan, masu kamfanin Furuno, suka fara sayar wa masunta na'urar gano kifi.

Yawancin ƙananan na'urori suna fid da ƙara mai kaɗawa sau 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce wajen 20,000. Ƙara tana tafiya wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, alhali cikin iska mita 340 take yi. Ga misali. In zurfin ruwa mita 6 ne, zuwa da dawowa mita 12 ke nan, ƙarar za ta gama tafiyarta cikin kashi 8 daga 1,000 na daƙiƙa. Akwatin shi ke auna wannan ɗan lokaci, ya raba biyu, ya rubuta zurfi a allo. Kifi kuma yana bayyana ne saboda 'yar jakar iska da ke cikinsa, ita ke mai da ƙara da ƙarfi. Shi ya sa karfasa ta fi tarwaɗa fitowa sosai, don jakar tarwaɗa ƙarama ce, ga shi kuma tana son kwanciya a laka.

To, ku lura da wannan, don shi ne gindin darasi. Wutar da ke fita daga akwati zuwa kunne tana da ƙarfi, amma wadda ke dawowa rarrauna ce ƙwarai, kamar raɗa a tsakiyar kasuwa. Saboda haka ba a yin kebur ɗin kamar wayar fitila. In ka feɗe shi za ka ga riga ta roba a waje. Ƙarƙashinta akwai saƙa ta siraran zaren ƙarfe, ko takardar alminiyum tare da waya guda tsirara. Wannan mu kira shi sulke, gama aikinsa ke nan, yana kare raɗar nan daga hayaniyar wutar inji da ta batir. Can ciki kuma sai 'yan wayoyi masu launi, biyu ko fiye. Wasu na faifan ne, wasu na ma'aunin zafin ruwa.

ABIN DA KE ƁATA SHI

Abokan gaban kebur a wajenmu biyar ne. Na farko rana, wadda ke busar da roba har ta tsattsage. Na biyu ɓera, wanda ke gaigayarsa a ɗakin ajiya. Na uku jan kwalekwale a kan tsakuwa da kututture a bakin gaɓa. Na huɗu ƙugiyar mamari da wuƙar gyaran kifi. Na biyar ɗaukar kunne ta kebur, ko naɗe shi tamau kamar igiyar guga, har zaren ciki su karye alhali rigar waje lafiya lau.

Da zarar riga ta huje, ruwa ya shiga. Ba kuwa a bakin hujin yake tsayawa ba, bin zaren yake yi kamar yadda kananzir ke hawan lagwani. Jan ƙarfen ciki sai ya yi baƙi ko tsanwa, ya ruɓe. Hujin da ba a kula da shi ba yau, bayan wata guda ya cinye kamu biyu na kebur.

KAFIN KA SA WUƘA

Masu yin na'urorin nan suna gargaɗi kada a yanke kebur, kuma duk wanda ya yanke ya zubar da alkawarin canji da suka yi masa. Don haka in na'urarka sabuwa ce, fara komawa wurin wanda ya sayar maka. In kuma ta tsufa, kada ka yanka sai ka tabbata kebur ne ke da laifi.

Fara da batir. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka a mitar masu gyaran rediyo. In ya yi ƙasa da 12 ya gaji, yi masa caji tukuna. Duba fis. Zare kan kebur daga akwati, ka duba 'yan alluransa, ko ɗaya ta lanƙwashe, ko sun yi tsanwa. Sa'an nan ka wanke fuskar kunne da ruwa da tsumma mai laushi, don gansakuka da kumfa suna toshe shi. Kada ka kankare da wuƙa ko yashi.

In duk waɗannan lafiya suke, kunna na'urar na ɗan lokaci kaɗan, ka kara kunnen kusa da naka. A yawancinsu za ka ji ƙas-ƙas-ƙas a hankali kamar agogo. Kada ka bar ta tana aiki a iska da daɗewa, don ruwa ne ke sanyaya faifan. Daga nan ka shiga ruwa mai zurfin gaba ɗaya ko fiye, ka sa wani ya dubi allo, kai kuma ka bi kebur da yatsa kana lanƙwasa shi kaɗan kaɗan. Inda ka taɓa lambar zurfi ta ɓace ko ta dawo, nan ciwon yake. Lambar zafin ruwa da ke tsalle ba dalili ita ma alama ce. Gwaji cikin bokiti ba ya faɗin gaskiya, don ƙarar tana bugun gefen bokitin ta ruɗa na'urar.

Akwai wuri biyu da gyara ba ya amfani. In kebur ya tsinke a gindin kunne, inda bai bar maka ko taƙi ɗaya na kamawa ba, ko kuwa ruwa ya bi zare har ya shiga cikin kunnen, sai dai sabo. Kunnen a toshe yake da ƙaro tun daga masana'anta, ba a buɗe shi.

KAYAN AIKI

Za ka nemi reza sabuwa, da filaya, da ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo, da dalmarsu mai ƙaro a ciki. Kada ka yarda da ruwan liƙin masu gyaran bokiti, don yana da guba mai cin jan ƙarfe, bayan 'yan watanni haɗin zai ruɓe. Za ka nemi kuma robar nan mai kamar tsinken shan lemo wadda ke tsukewa in ta ji zafi, ƙanana na 'yan wayoyi, da babba guda ta dukan kebur. Ka nemi mai gam a ciki, ita ce ke hana ruwa. Sai tef na roba mai narkewa cikin kansa in an ja shi an naɗa. Baƙin salatif shi kaɗai ba ya tare ruwa, rana guda a kwalekwale gam ɗinsa ya saki. Masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari ta Kano suna da waɗannan. In ba ka iya liƙi ba, kai wa mai gyaran rediyo ko wayar salula, ko a kasuwar Dambatta ran Lahadi, ka zauna kusa da shi a bi matakan nan tare.

YADDA AKE HAƊAWA

Da fari cire batir, ka zare kebur daga akwati. Yanke wurin da ya lalace ka yar. Feɗe kaɗan ka dubi jan ƙarfen. In ya yi baƙi, ƙara yankewa baya, ka yi ta yi har ka iske mai ja yana walƙiya, domin dalma ba ta kama baƙin ƙarfe. Rage kamu ɗaya ko biyu ba ya ɓata awon zurfi. In akwai laima ciki, rataye shi a inuwa bakin yana duban ƙasa ya kwana.

Na biyu, zura babbar robar nan a gefe ɗaya, ka tura ta can nesa da zafi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, sai an gama liƙi a tuna, a koma a warware.

Na uku, feɗe rigar waje inci biyu a kowane gefe. Yi a hankali kada reza ta yanke sulke. Kwance sulken ka mai da shi baya kamar hannun riga.

Na huɗu, kada haɗin 'yan wayoyin ya taru wuri guda. A gefe ɗaya ka bar ja doguwa, baƙa gajera. A ɗaya gefen ka bar ja gajera, baƙa doguwa. Da haka kowane haɗi zai zauna a nasa wuri, ko roba ta huje ba za su taɓa juna ba, kebur kuma ba zai yi ƙulu ba.

Na biyar, zura ƙaramar roba a kowace waya. Feɗe bakin kowace rubu'in inci, ka murɗa launi da launinsa, ja da ja, fari da fari. Ɗora ƙarfen liƙi a jikin wayar, ka bar ita ta narka dalmar ta sha. Haɗi mai kyau yana ƙyalli sumul. Wanda ya yi dunƙule fari fat kamar toka bai kama ba, a sake. In ya huce, jawo ƙaramar robar ta rufe shi, a hura mata iska mai zafi. Masu gyaran wayar salula suna da injin hura zafi. In da ashana za a yi, a riƙe wutar nesa ana jujjuyawa.

Na shida, mai da sulke. Naɗa takardar alminiyum a kan haɗin duka, ka jawo saƙar gefe da gefe su haɗu, ka liƙa su da dalma kaɗan, da sauri, kada zafi ya narka na ciki. In akwai waya tsirara, haɗa ta da 'yar'uwarta. Ka tabbata ko zare ɗaya na sulke bai taɓa wayar ciki ba. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga allonsa ya cika da ɗige-ɗige da zarar an ta da inji.

Na bakwai, jawo babbar robar ta rufe haɗin, ta hau rigar asali inci ɗaya ko fiye a kowane gefe. Fara zafi daga tsakiya zuwa baki, don iska ta fita, har ka ga gam ya ɓullo a bakin biyu. In ya huce, naɗa tef ɗin roba kana ja, kowane zagaye ya hau rabin na baya. A bisansa ka naɗa baƙin salatif don rana. Kada ka shafa gam ɗin gilashi mai warin tsami, shi ma yana cin jan ƙarfe.

Na takwas, gwaji. Je wurin da ka sani, ka saki igiya da dutse har ƙasa, ka auna, ka gwada da abin da allo ya faɗa. In sun yi daidai, aiki ya yi.

Ko haɗin ya yi kyau kamar me, kada ya zauna cikin ruwa. Cikin kwalekwale ba ya rabuwa da ruwa, don haka ɗaure haɗin a gefen sama. Kada kebur ya bi kusa da wayoyin inji. In ya gaza tsawo kada ka ƙara da wayar fitila, ba ta da sulke. Bayan aiki kwance shi, ka naɗe da faɗi kamar faifai, ka sa cikin gwangwani mai murfi saboda ɓera.

KEBUR NA FAMFON BAN RUWA

Yanzu ga wanda ya shafi manoma da yawa. Famfon da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, mai aiki da hasken rana, yana ta yaɗuwa a garake. Kebur ɗinsa ba shi ɗauke da raɗa, wuta ce mai ƙarfi, kuma haɗinsa dole cikin ruwa zai zauna dare da rana. Albasa da tumatir kuwa ba su jiran mai gyara. Kwana kaɗan ba ruwa cikin zafin bazara, wahalar wata uku ta tafi.

Abu na farko shi ne rai. Farantan sola in an jera su da yawa suna ba da wutar da ta haura bolt 100, tana kuwa kisa. Muddin rana na dukansu suna ba da wuta, ko famfo na tsaye. Kashe makunni tukuna, ka rufe farantan da tabarma ko bargo, ka cire wayarsu daga akwatin sarrafawa, ka dakata minti biyar, don akwatin yana riƙe wuta bayan an kashe. Kada ka yi aikin da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa cikin ruwa.

Haɗin kamar na farko ne, a yanke har jan ƙarfe mai kyau, a saɓa wuraren haɗi, launi da launinsa. Bambanci uku ne. Na ɗaya, wayar da za a ƙara ta zama mai kaurin ta asali ko ta fi, kuma irin ta cikin ruwa. Siririya tana zafi, tana rage ƙarfin famfo. Na biyu, yawancin famfunan sola waya uku ke tuƙa su. In ka musanya biyu, injin zai juya da baya, ruwa ya fito kaɗan ko ya ƙi fitowa. Saboda haka yi wa kowace alama kafin ka yanke. Na uku, rufin. A yi amfani da robar tsukewa mai kauri mai gam, ko kuwa kwanson haɗi wanda ake zuba wa ƙaro mai ruwa biyu ya daskare. Masu sayar da famfo suna sayar da shi. A bar shi ya daskare sarai gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalinsa. Kafin a zura rijiya, a jiƙa haɗin cikin bokiti ya kwana, mai gyaran lantarki ya auna da mitarsa ko wuta na zurarewa cikin ruwan.

Yawancin ɓarnar kebur na famfo wajen zurawa da fitarwa take faruwa. Kada a ja famfo da kebur, a ɗaura masa igiyar nailan tasa ta kansa. A ɗaure kebur a jikin bututu kowane mita 3, a bar masa ɗan sassauci. A sa tsohuwar tayar keke a bakin rijiya don kada ƙarfe ya yanke shi. Wanda ke bisa ƙasa kuma a zura shi cikin bututun roba a binne, saboda fartanya da awaki da rana.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu da ruwa bai ja baya ba, kowa ya fito da kebur ɗinsa ya bi shi da yatsa daga kai har gindi. Ƙungiyar masunta ko ta 'yan garka ta sayi dalma da roba da tef ta ajiye wurin sarkin ruwa ko shugabanta, ta kuma zaɓi yaro guda mai natsuwa ya koyi liƙi wurin mai gyaran rediyo. Allah ya ba mu rani mai albarka. Sai mako mai zuwa.